Lamashegu, Unguwar Masu Ɗorin Mota

Duk matafiyin da ya taso daga Kumasi ya nufi Arewa, ya wuce Techiman da Kintampo, ya haye gadar Buipe da ta Yapei, to kafin ya kai tsakiyar Tamale sai ya ratsa Lamashegu. Fasinja ba ya lura da ita, hankalinsa yana kan tasha. Amma tambayi direba, zai gaya maka nan ne asibitin motocin Arewacin Ghana.

Idan ka saki kwalta ka shiga wajen da ake kira Industrial Area, kunnenka ne zai fara ba ka labari kafin idonka. Guduma tana amsa wa guduma, injin walda yana tsartuwa, ga Dagbanci da Hausa da harshen Asante suna cakuɗuwa a rumfa guda. Jar ƙasar wurin ta koma baƙa saboda baƙin mai. Kowa da fanninsa: ga fita mai injin, ga mai waya, ga mai fenti, ga mai faci. Waɗanda suka fi jan hankalina su ne masu gyaran ƙafa, watau sifirin da shokozoba da bushin, duk abin da ke tsakanin taya da jikin mota. Ni dai masu ɗori nake kiransu, domin karaya ake kawo masu.

Dalilin yawan aikinsu ba ɓoyayye ba ne. Da zarar mota ta bar manyan hanyoyi ta nufi ƙauyuka ɗauko doya ko masara ko kaɗe, sai ta hau burji. Da rani gargada ta yi ta girgiza ta har noti ya kwance, da damina kuma rami ya ɓuya a ƙarƙashin ruwa. Ga lodi fiye da kima. Injin yana iya jurewa shekaru, amma ƙafa ce take shan dukan kullum.

Tsofaffin mastoci idan ana hirar ƙafa mai ƙwari, ba su wuce Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. A 1968 aka fito da ita a Faransa, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi ta harhaɗa ta har 2006. Ba kowa ya san ita ma ta yi tsere ba. Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita a 1975, sa'an nan a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake ci da 'yar'uwarta mai ƙofa biyu da injin V6, wadda gidan Pininfarina na Italiya ya zana. Asirinta ƙafa ne mai nisan lotsawa. A salun kowace tayar baya da nata hannu, a wagon gindi ɗaya ne bisa naɗaɗɗen sifirin huɗu, akori-kura kuwa sifirin mai falle-falle aka sa mata.

Yau a Turai mai ƙofa biyun nan ta zama abin ado. Mai hali yakan sayi tsohuwa, ya kwance ƙafarta gaba ɗaya, ya gyara don nishaɗin ranar Lahadi. A hanyoyinmu kuwa Fijo ta yi ƙaranci, Benz da Toyota da sauransu sun gaje ta. Amma aikin da wancan yake yi don sha'awa, shi ake yi a Lamashegu kullum don tuwo, kuma ƙa'idarsa ba ta sake ba.

Ga yadda mai sanin aiki yake yi. Kafin ya taɓa sufana sai ya danna kusurwar mota da ƙarfi ya saki. In ta taso sau ɗaya ta tsaya, shokozoba na da rai, in ta ci gaba da rawa, ya mutu. Ya ɗaga ta, ya kafa mata madogara, domin ba a shiga ƙarƙashin mota bisa jak kaɗai. Ya kama taya ya jijjiga don jin inda ya yi sako-sako. Naɗaɗɗen sifirin kuwa sai an matse shi da maɗauri kafin a kwance notin sama, in ba haka ba ya yi tsalle ya fasa fuskar yaro. Shokozoba bibbiyu ake sakewa, hagu da dama. Notin bushin ba a ƙarasa ɗaure shi sai mota ta sauka ta zauna da nauyinta, don kada robar ta murɗe ta yage. Daga ƙarshe a kai ta a daidaita tayoyin gaba.

Sifirin mai falle-falle kuma aikin maƙera ne. Idan ya kwanta, sai a cire ƙusar tsakiya a rarraba shi, a ɗora kowane falle bisa ƙarfe mai kwarmi a bi shi da guduma daki-daki har lanƙwasarsa ta dawo. Wanda ya karye ba a yar da shi, ana sarrafa shi ya zama adda ko gatari ko wuƙa, ya koma gona. Haka nan tsohuwar tayar babbar mota, akwai masu yanka bushin daga jikinta.

To, a nan gizo ke saƙar. Direba na sauri, kuɗi sun yi kaɗan, sai ya nemi a ɗinke masa karyayyen falle da walda. Ƙarfen sifirin kuwa an hore shi da wuta tun a masana'anta, zafin walda yana ɓata wannan horon, ya sake karyewa daidai gefen ɗinkin. Wani kuma ya sa a ƙara masa falle biyu don ya ƙara lodi, ya manta birki da taya ba su ƙaru ba. Irin wannan araha ba ta ado, domin in babban falle ya tsinke mota na gudu, gindi ya goce, kuma mutanen da ke ciki ba da su aka yi cinikin ba. Masta na ƙwarai yakan ƙi irin wannan aiki ko da zai rasa kuɗin cefane.

Kayan gyara daga kudu suke zuwa, daga Suame Magazine ta Kumasi da Abossey Okai ta Akra, sabo da wanda aka ciro daga motocin Turai. Kaya kam ana saye. Abin da ba a sayarwa a kanti shi ne kunnen da ke rarrabe ƙarar bushin da ta shokozoba, wannan sai yaro ya yi shekaru yana miƙa wa masta sufana. Saboda haka, mai karatu, in hanya ta kawo ka Tamale, ka tsaya Lamashegu ka ba idonka abinci. In kuwa mota ka kawo, ka ba masta lokaci, ka biya kuɗin sabon falle. Allah Ya kiyaye hanya.