Duna bai haukace ba

Ranar da na dawo gida hutu, a tsakiyar hunturun bara, Duna bai fito ya tarye ni ba. Ina aji biyu a firamare Kawu ya kawo mana shi cikin kwali, ɗan kwikwiyo baƙi wuluk, kuma tun daga lokacin ban taɓa karyo kwanar layinmu a Funtuwa ba sai ya rugo yana kaɗa wutsiya. Shekara 13 ke nan. Na shiga na gaida Inna, na ajiye jaka, na zaga bayan gida wajen turken awaki inda yake kwana. Na same shi tsaye a lungun da ke tsakanin rumbu da katanga, ya kafa hanci a bango kamar mai jiran a buɗe masa ƙofa. Sau uku ina kiran sunansa. Da ya waiwayo, kallon baƙo ya yi mini.

Autarmu, wadda ke aji uku a ƙaramar sakandare, ita ta ba ni labari. Ta ce kusan wata huɗu ke nan. Da rana barci yake kamar gawa, da an yi magariba kuma sai ya tashi ya hau zagaye tsakar gida, yana haki yana kuka har ƙarfe biyun dare. Idan ya shiga lungun nan ba ya iya ja da baya, sai an je an fito da shi. Karen da bai taɓa ɓata makwancinsa ba, yanzu a nan yake fitsari. Abin da ya fi ɗaga wa kowa hankali shi ne ranar da ya yi wa Baba haushi a bakin ƙofa, Baban da ke ba shi abinci tun bai iya lasar kwano ba.

Kwana biyu da dawowata maƙwabcinmu ya yi sallama da Baba bayan sallar isha'i. Ina jin su daga zaure. Ya ce, "Alhaji, karen nan naka ya haukace. Ina da yara ƙanana. Tun kafin ya ciji wani, a san yadda za a yi da shi." Kowa ya san abin da ake nufi da wannan maganar: samarin unguwa ne da sanduna. Baba ya yi shiru, sannan ya ce zai duba.

A daren na ji haushin mutumin ƙwarai, amma yanzu ba na ganin laifinsa. Cutar haukan kare ba abin wasa ba ce. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jikin mutum ta hanyar cizo, ta bi jijiyoyi har ƙwaƙwalwa, kuma da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a ga wanda ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma yara ne kaso mai yawa a cikinsu. Don haka ku riƙe wannan ko da kun manta sauran abin da na rubuta: idan kare ya ciji ɗayanku, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran ganin abin da zai faru.

Ni a aji biyu nake a tsangayar koyon likitancin dabbobi a Zariya. Ba mu ma fara taɓa dabba mai rai ba, ƙasusuwa muke haddacewa, duk da cewa a unguwa tuni an laƙaba mini "Likita". Amma akwai abu ɗaya da na sani tabbas: karen da alamun hauka suka bayyana a jikinsa ba ya daɗewa, yawanci cikin kwana 10 yake mutuwa. Duna kuwa wata huɗu ya yi a wannan hali, yana ci yana sha. Ga shi kuma duk shekara ana yi masa allurar rigakafi, katin yana cikin akwatin Baba. Da safe na durƙusa na faɗa wa Baba haka. Ya ce, "To, Likita, mutanen unguwa ba katinka za su karanta ba." Aka daidaita a kan a kulle Duna a tsohon ɗakin ajiyar dusa na kwana 10, kowa ya gani da idonsa, a kuma kira likitan dabbobi na gaske.

Kullewar ta ceci ransa, amma ta wahalar da shi fiye da yadda na zata. Ɗakin baƙon wuri ne a wurinsa, ga duhu. Daren farko da na biyu babu wanda ya runtsa a gidanmu. Ya yi ta karo da bango, jikinsa na rawa, ya ƙi abinci. A dare na uku na ɗauko tsohon buhun da yake kwanciya a kai, duk da warinsa, na haɗa da wata tsohuwar rigata, na shimfiɗa masa, na rataye fitilar sola a taga. Ya shinshina buhun, ya juya sau biyu, ya kwanta. Ban san sunan abin da ke damunsa ba tukuna, amma a nan na fara gane cewa tsoro ne ke cinsa.

Likitan ya zo a kan babur ranar kasuwa. Ya daɗe yana dubawa. Ya haska idanun Duna ya nuna mini yanar da ta fara rufe su. Ya tafa hannu a bayan kansa, kunne ɗaya ne kawai ya motsa. Ya danna ƙugunsa, Duna ya yi ƙara. Ya ce dole a fara da waɗannan, domin ciwon gaɓoɓi, da makanta, da kurumta, da ciwon ƙoda ko na mafitsara duk suna iya sa tsohon kare ya riƙa yawon dare ko fitsarin kwance. Sai an kawar da su sannan a ce ƙwaƙwalwa ce. Daga nan ya yi wa autarmu tambayoyi masu yawa. Da ya tambaye ta ko Duna kan tsaya ta gefen da ƙyaure ke manne da bango yana jiran a buɗe, maimakon gefen da ake wucewa, sai ta zaro ido ta ce, "Wallahi kullum!" Ya gyaɗa kai ya ce wa Baba, "Alhaji, gigin tsufa ne."

Baba ya yi dariya. Bai taɓa jin cewa dabba na yin gigin tsufa ba, ni ma a lokacin ban karanta ba. Da na koma makaranta na bincika. Ƙwaƙwalwar tsohon kare tana motsewa a hankali, kuma wani furotin da ake kira amiloid yana taruwa a tsakanin ƙwayoyinta, irin wanda ake samu a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa da likitan nan Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2001 ya gano alamun wannan ruɗewar a kashi 28 cikin 100 na karnuka masu shekara 11 zuwa 12, da kashi 68 na masu shekara 15 zuwa 16. Ina jin dalilin da ya sa ba mu san ta ba a nan shi ne karnukanmu kaɗan ne ke kai wannan shekarun. Mota, ko cuta, ko sanda na riga tsufa zuwa.

Inna ce ta ba ni mamaki. Ita ba ta taɓa son Duna ba. Iyakarsa bayan gida, kuma ko kusa da madafa ya zo sai ta kore shi. Amma da ta ji bayanin likitan sai ta yi tagumi ta ce, "Ba wai ina haɗa mutum da dabba ba ne, amma haka Gwaggo ta yi. Da rana ta faɗi sai ta ɗaure kayanta ta ce za ta gida, alhali tana cikin ɗakinta." Tun daga ranar, ita ke tuna mana lokacin abincinsa.

Likitan bai ɓoye mana ba, cutar ba ta warkewa, gaba take yi. Ya ambaci wani magani mai suna selegiline da ake ba karnuka irinsa a Amurka, mun nema ba mu samu ba. Abin da ya rubuta mana na ciwon ƙugu ne, kuma shi kaɗai ya rage yawon daren sosai, ashe rabin zagayen nan rashin samun yadda zai kwanta ne. Ya ja mana kunne kada mu ba shi maganin mutane, musamman ibuprofen, wanda ke lalata ciki da ƙodar kare, kada kuma a ba shi ƙwayar barci daga kemis kamar yadda wani abokin Baba ya ba da shawara.

Sauran aikin duk namu ne, kuma kusan kyauta ne. Karen da ke mantuwa da sabo yake rayuwa, don haka muka daina sauya komai a bayan gida. Kwanon ruwansa na nan inda yake, buhunsa na nan inda yake, ko turmi ba a ajiyewa a hanyarsa. Abinci sau biyu, bayan asuba da bayan la'asar, tuwo ko shinkafa a jiƙe da romo saboda haƙoransa sun zube. Na toshe lungun rumbu da tsohon kwanon rufi. Fitilar sola na kwana a kunne. Da rana ba ma barinsa ya share awa shida yana barci. Autarmu kan tashe shi, ta watsa masa gutsattsarin kifi a ƙasa ya bi da hanci yana tsinta. Hancin nan shi ne abin da tsufa bai taɓa ba. Da yamma kuma in sa masa igiya mu zaga bayan layi, hanya ɗaya kullum, tafiyar da da yake yi cikin minti biyar yanzu sai mun kwashe rabin awa, don sai ya shinshina kowace bishiya.

Abu mafi wuya shi ne koya wa yara yadda za su tunkare shi. Kare mai tsoro, wanda ba ya gani sosai kuma ba ya ji, zai iya kai cizo idan aka taɓa shi ba zato, ko da lafiyarsa ƙalau ta fuskar hauka. Dokar gidanmu yanzu ita ce a zo masa ta gaba, a buga ƙafa a ƙasa ya ji motsi, a bari ya shinshina kafin a matso. Yaran maƙwabta kuwa ba sa zuwa bayan gida sam, shi ma ba ya fita sai da igiya. Da wannan sharaɗin maƙwabcinmu ya haƙura. Duka kuma an hana. Ni kaina na taɓa daka masa tsawa wani dare da ya hana ni karatu, ya tsuguna ya saki fitsari yana kallona, bai san laifin da ya yi ba. Har yau idan na tuna sai in ji kunya.

Ba kullum ake dacewa ba. Akwai dararen da babu abin da ke kwantar da shi sai gari ya waye. Ranar da aka yi biki a layinmu da ganguna, kwana biyu bai ci abinci ba. Kafin likitan ya tafi, ya faɗa wa Baba cewa idan Duna ya daina ci gaba ɗaya, ko ya kasa tashi, a kira shi, akwai allurar da ke raba dabba da wahala ba tare da ta ji zafi ba. Baba bai ce komai ba, ya dai karɓi lambarsa ya rubuta a bayan katin rigakafin. Gadin gida kuwa, ya sayo babban kwaɗo ya sa wa turken awaki.

Yanzu ina Zariya, jarrabawa ta matso. Autarmu ta buɗe littafi na musamman, tana rubuta ƙarfe nawa Duna ya kwanta, ko ya cinye abincinsa, ko ya yi fitsari a buhu, sai ta karanto mini a waya duk Juma'a. A makon jiya ta ce dare huɗu cikin bakwai ya yi barci kafin sha biyu. Ta ce ranar Talata Baba ya dawo daga kasuwa, Duna ya taso ya yi masa haushi sau ɗaya, sai Baba ya tsaya cak, ya buga ƙafa a ƙasa, ya miƙa masa gefen babbar rigarsa. Duna ya daɗe yana shinshinawa, sannan wutsiyar ta motsa.