Randar da ba ta zufa

A shekarata ta uku ina karatun fasahar tangaran a jami'a, na gina wata randa da na yi alfahari da ita. Na shafe ta da ruwan gilashin da na haɗa da tokar itace da garin dutse da yumɓu, na gasa ta a matoya mai zafin digiri 1280. Ta fito kore shar, in an ƙwanƙwasa ta sai ta yi amo kamar ƙararrawa. Na kai wa mahaifiyata. Bayan kwana uku na tarar ta zuba gero a ciki, ruwan sha kuwa yana nan a tsohuwar randarta ta kasuwa. "Ɗan nan, taka ba ta zufa," in ji ta.

Abin kunyar shi ne na san dalili tun a aji. Tukunyar da aka toya a fili da kara da ciyawa ba ta cika wuce digiri 900 ba, saboda haka jikinta cike yake da ƙananan kafofi. Ruwa yana nasowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin, na ciki ya yi sanyi. A wuta mai tsanani kuwa, wani sashe na yumɓun narkewa yake ya toshe kafofin. Tukunya ta sami ƙarfi da sheƙi, ta rasa numfashi.

Hakan ta faru da Ladi Kwali, wadda hotonta yake jikin naira 20. A 1954 ta shiga makarantar tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja. Ta ci gaba da ginin hannu irin na Gwari, da zanen ƙadangare da kifi, amma aka riƙa gasa tulunanta a sabuwar matoya. Suka yi nauyi, suka daina sanyaya ruwa, suka zama abin kallo har a Landan.

Ba na ganin wannan asara ce tsantsa, sai dai ciniki: a sami wani abu, a bar wani. Laifina shi ne na ɗauka yawan zafi daraja ce. Yanzu kafin in kunna matoya sai na tambayi kaina aikin da tukunyar za ta yi, da hannun da zai ɗauke ta.

Randar tana nan a ɗakin Inna. Ta ce ƙwari ba sa shiga geron.