Alherin da Ba a Ramawa

Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya cikin 100 ba a ƙidayar 2012, kuma a Dakoro, can arewa da Maraɗi inda gonakin hatsi suke iyaka da makiyaya, ƴan ƙalilan ne. Daga cikinsu wani saurayi, ɗan manomi, ya tafi Yamai karatun tauhidi domin ya dawo ya zama fasto. Da Faransanci ya yi karatun, alhali mutanen da zai yi wa wa'azi da Hausa suke ciniki, da ita kuma suke yi wa juna gaisuwar mutuwa.

Kalmomin aikinsa gado ne ya tarar. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka kafa zango a Tsibirin Gobir, kuma a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Tun daga wancan zamani majami'un ƙasar Hausa suke cewa baftisma, Jibin Ubangiji, ceto da alheri.

A aji an koya masa saɓanin da ke bayan kalmomin nan. Majalisar Trento ta tabbatar a 1547 cewa sakramenti bakwai ne, kuma ta hanyarsu alherin Allah yake isa ga mai bi. Martin Luther kuwa tun 1520 ya tsaya a kan biyu, baftisma da Jibin Ubangiji, yana mai cewa bangaskiya kaɗai ke kuɓutar da mutum. Sai a 1999, a birnin Augsburg na Jamus, Katolika da mabiya Luther suka sa hannu a kan matsaya guda: ceto kyauta ce daga Allah, aikin kirki kuma ɗiyanta ne. Duk wannan ya haddace, ya ci jarrabawa.

Da ya zo hutu, mahaifiyarsa ta saurari bayaninsa har ƙarshe, sannan ta ce: "To ɗana, wannan alheri, da me ake rama shi?"

Tambayar tana da tushe. A ƙasar Maraɗi matar da ta kai wa ƙawarta bikin dala 100 ranar suna, jika guda take sa ran a mayar mata ranar nata sha'anin, domin ninkawa ake yi, kuma ba a mantawa. Bahaushe ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wanda yake karɓa kullum ba ya mayarwa, mabaraci ne, ko marar kunya. Saboda haka idan fasto ya ce alherin Allah ba a biyansa, tsohuwa za ta ji ɗayan biyu: ko dai bashi ne da za ta riƙa ragewa da baiko da zuwa sujada, ko kuwa an mai da ita mai bara a ƙofar Ubangijinta.

Haka ma kalmar ceto. Maƙwabcinsu Musulmi idan ya ji ta, ceton Annabi ranar Alƙiyama ne zai zo masa a rai, wato roƙon da ake yi wa mai laifi a gaban Mai hukunci. Littattafan saurayin kuwa suna nufin fansar da Kiristoci suka gaskata an riga an kammala a kan gicciye. Kalma ɗaya ce, kowa da abin da yake ji, kuma malamin da bai san da haka ba zai yi shekara yana magana shi kaɗai.

Lamarin ya wuce gardamar aji. Wanda ya fito daga gidan Musulmi ya nemi baftisma yana iya rasa gado, ko aure, ko gaisuwar dangi, kuma ba a manta da majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015 ba. Kafin fasto ya nutsar da mutum cikin ruwa, wajibi ne ya faɗa masa, da harshen da yake ji, abin da ruwan yake nufi da abin da zai iya jawo masa.

Kwana uku saurayin yana juya tambayar. Daga bisani ya ce: "Inna, nonon da na sha, nawa ne kuɗinsa?" Ta ce ai ba a biyan nono. Ya ce amma ɗan da ya sha, ana ganewa ga yadda yake riƙe uwarsa, ba don ya biya ba, don ya san ko shi ɗan wace ce. Ta yi shiru, sannan ta ce in haka ne ta gane, sai dai kada ya yi wa maza wannan misali a gaban surukansu.

Da ya koma makaranta ya buɗe wani littafin rubutu dabam. A hagu yana sa kalmar Faransanci, a dama abin da mutumin Dakoro zai ji idan an faɗe ta da Hausa. Gurbin kalmar sakramenti ya daɗe babu kome a ciki.