Kaska Biyu, Cuta Biyu

Wajen ƙarfe biyu na dare ya ke zuwa, sa'ad da gida ya yi tsit, kowa ya yi nisa cikin barci. Da fari sai ya ji kamar an ɗaura masa igiya a ƙasan cibiya ana ja a hankali. Kafin a jima sai murɗa ta kama, gumi ya keto masa, ya sauko daga gado ya durƙusa, goshi a ƙasa, yana jiran gari ya waye. Da hantsi kuwa sai ka gan shi garau, ya ɗauki kayan aikinsa ya fita, har wanda bai kwana a gidan ba ya ce duk zancen ƙarya ne. Wata goma ya yi cikin wannan hali, daga Maris na 2018 har zuwa farkon 2019.

Mutumin, wanda za a kira shi Malam kawai a nan domin a sakaya sunansa, haifaffen ƙasar Zazzau ne. Karatu ya kai shi Amurka cikin 2006, da ya gama sai ya sami aikin safiyo a jihar Virginia, ya ɗauko iyalinsa suka zauna can. Aikin safiyo kuwa ba na zaman ofis ba ne. Kullum yana cikin daji da ciyawa mai tsawo yana awon filaye, inda bareyi da ɓeraye su ke kai da kawo, kaska kuma tana maƙale a bakin ganye tana jiran mai jini ya gifta.

Duk wanda ya tashi inda ake kiwo ya san kaska, ya ga yadda ake cire ta daga hantsar saniya ko kunnen kare. Amma wadda ta fara kama Malam cikin Yuni na 2015 ba ta kai ƙwayar riɗi ba, saboda haka bai ma ga ta ba. Zazzaɓi ya fara ji, da ciwon kai, da ciwon wuya. Mafi yawan waɗanda cutar ta kama, watau kashi 70 zuwa 80 cikin 100, sukan ga wani jan tabo mai faɗaɗa a inda aka cije su, amma a baƙar fata tabon nan yana da wuyar gani. Sai da gwiwarsa ta kumbura bayan wasu watanni sa'an nan gwajin jini ya nuna cutar Lyme ce.

Sunan cutar nan na wani ƙaramin gari ne a jihar Connecticut. A can ne cikin 1975 wata mata mai suna Polly Murray ta kai kuka wurin hukumar lafiya ta jihar, ta ce ciwon gaɓɓai ya addabi gidanta da yaran maƙwabta, kuma ba ta yarda haɗuwa ce kawai ba. Likita Allen Steere na Jami'ar Yale ya bi sawu, ya sami mutum 51, yara 39 da manya 12. Cikin 1982 Willy Burgdorfer ya gano ƙwayar da ke haddasa cutar a cikin jikin kaska mai baƙin ƙafa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cikin 2021 cewa wajen mutum 476,000 ake yi wa maganinta kowace shekara a ƙasar.

Aka ba Malam maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 28. Kumburi ya sace, amma ƙarfinsa bai komo yadda ya ke ba. Gajiya ta zauna masa, gaɓɓai suna yi masa tsami, wani lokaci kuma kalma ta ɓace masa yana tsakiyar magana. Likitoci sun san wannan, domin kuwa wasu daga cikin waɗanda aka yi wa magani sukan daɗe da irin waɗannan alamu har watanni ko shekaru, ko da ya ke har yanzu masana suna jayayya kan dalilin haka. Malam ya koyi zama da ita. Ya rage aiki, ya riƙa kwanciya da wuri, ya daina yi wa jikinsa gardama. A gida kuwa har an sa mata suna, ana ce mata "tsohuwar cuta".

To, ana cikin haka ne ciwon cikin ya sauka.

Sau uku uwargidansa tana kai shi asibiti cikin dare. Aka ɗauki hoton cikinsa, aka duba hanta da ƙoda da matsarmama, ba a ga tsakuwa ba, ba a ga kumburi ba. Aka zura masa bututu mai fitila ta maƙogwaro har tumbi, babu gyambo. Aka duba hanji, babu ƙari. Kowane sakamako ya fito sai ya yi godiya ga Allah, sa'an nan kuma zuciyarsa ta karye, gama mai ciwon da aka ce lafiyarsa ƙalau ba shi da inda zai kai ƙara. Wani likita ya dube shi da tausayi ya ce, "Duk abin da muka duba daidai ya ke. Mai yiwuwa Lyme ɗinka ce, ko kuwa damuwa ta yi maka yawa." Aka ba shi maganin rage tsamin ciki, ya sha har wata biyu, ciwo bai san ana yi ba.

A nan ne babban haɗari ya ke ga duk mai daɗaɗɗiyar cuta. Da zarar an san mutum da wani ciwo, sai ciwon nan ya zama kura, kowane laifi a ɗora mata. Ciwon kai, tsohuwar cuta ce. Ciwon ciki, tsohuwar cuta ce. Likita ya ga sunanta a saman takarda ya rage bincike, 'yan uwa su ji labari su ce ai dama ya saba, shi kansa majinyacin ya sunkuyar da kai ya ce ƙaddararsa ke nan. Alhali kuwa Hausawa sun ce laifi duk na kura ne, amma ban da satar wadari. Jikin da ke ɗauke da cuta ɗaya ba a rufe ya ke ba, wata tana iya shiga ta zauna a bayan ta farin ba a lura ba.

Masu shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba. Wani ya yi masa hanyar wani wurin jinya mai zaman kansa inda ake ɗura wa mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya har watanni, a kan kuɗi masu yawa. Malam ya kusa yarda, don wanda ciwo ya hana barci ba ya zaɓen igiyar da zai kama. Abin da ya tsayar da shi shi ne, an riga an gwada irin wannan dogon magani a kan majinyata, a Amurka cikin 2001, a Holan kuma cikin 2016, ba a ga ya fi maganin bogi amfani ba, ga shi kuma yana iya lalata hanji. Daga gida kuma yayansa ya bugo waya. "Ka dawo a nema maka na gargajiya," in ji shi. "Ciwon da Turawa suka rasa kansa, ai ba na asibiti ba ne. Ka tabbata ba wani abu aka ba ka a abinci ba?" Malam ya ce, "Yaya, a dai taya ni da addu'a." Ashe yayan ya kusa gaskiya, a abinci abin ya ke, sai dai ba hannun mutum ya sa shi ba.

Babbar Sallah ta Agusta 2018 ita ta fara buɗe ƙofa. Malam ya yi layya kamar yadda ya saba, aka yi soye, aka yi farfesun kai da ƙafa. Dare uku a jere yana birgima. A dare na uku har tafin hannunsa ya yi ƙaiƙayi, borin jini ya feso masa a wuya. Da safe uwargida ta ɗauko wani littafin rubutu na 'yarsu wanda ba a cika ba, ta ja layi uku, ta ce, "Malam, tun da su ba sa nan sa'ad da ya ke tasowa, mu da mu ke nan sai mu rubuta." Layi na ɗaya abin da ya ci da lokacin da ya ci, na biyu lokacin da ciwo ya taso, na uku yadda ya ji da yadda ya lafa.

Ba aiki ne mai sauƙi ba. Da fari sun zargi yaji, suka bari, ciwo ya zo. Suka zargi mai, suka zargi shayin dare. Nama ma sun zarge shi, amma sai ya wanke kansa, domin wata rana Malam ya ci tsire ya kwana lafiya, kuma bai taɓa jin komai ba yana kan ci ko da an ɗauke kwano. Wane ne zai tuhumi abincin magariba da laifin ƙarfe biyu na dare? Sai da littafin ya yi wata huɗu sa'an nan uwargida ta zauna ta bi shafi shafi, ta ga babu dare ɗaya na ciwo da ba a ci naman rago ko na sa ba a yammacinsa, kuma babu dare ɗaya da aka ci kaza ko kifi ciwo ya taso. Tsakanin ci da ciwo kuwa kullum sa'a huɗu ne zuwa shida.

Littafin nan suka kai wa wata likita mai duba cututtukan borin jini. Ta karanta shi a tsanake, ta ɗago kai ta yi tambaya ɗaya, ko kaska tana cizonsa. Malam ya yi dariya, ya ce ai ya riga ya biya wannan bashin tun 2015. Ta ce ba waccan ba, wata ce dabam, mai farin ɗigo a gadon baya, wadda cizonta kan daɗe yana ƙaiƙayi. Nan ya tuna da idon sawunsa da ya yi ta sosawa har makonni cikin 2017. Aka ɗebi jininsa, kafin mako ya zagayo ciwon da ya yi wata goma ba suna ya sami suna. Ana ce masa alfa-gal.

Alfa-gal wani irin sukari ne da ke jikin dabbobi masu shayarwa, shanu da tumaki da awaki da bareyi, amma babu shi a jikin ɗan Adam, babu shi kuma a kaza ko kifi. Mutum yana cinsa duk rayuwarsa ba abin da ya same shi. Amma in kaskar nan ta zuba shi cikin fata tare da yawunta, sai garkuwar jikin wasu mutane ta ɗauke shi abokin gaba, daga ranar kuma duk sa'ad da ya shigo ta nama sai yaƙi ya tashi. Jinkirin kuwa, masana suna ganin daga kitse ya ke, don kitse yana ɗaukar sa'o'i kafin ya narke ya shiga jini. Wasu borin jini ke kama su, wasu numfashi ke sarƙewa, wasu kuwa ciwon ciki ne kaɗai, da amai ko gudawa, kuma ba kowane ci ba ne ke tayar da shi.

Sanin wannan ciwo sabo ne. Wata likita a Ostareliya, Sheryl van Nunen, ta lura da dangantakar cizon kaska da rashin jituwa da jan nama cikin 2007. Thomas Platts-Mills da Scott Commins na Jami'ar Virginia suka bayyana shi cikin 2009 a kan majinyata 24. Cikin 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce an sami fiye da mutum 110,000 da ake zaton suna da shi tsakanin 2010 da 2022, amma mai yiwuwa adadin ya kai 450,000. Daɗin daɗawa, da ta tambayi ma'aikatan lafiya 1,500, kashi 42 cikin 100 ba su taɓa jin sunansa ba. Saboda haka likitocin Malam na farko ba mugunta suka yi masa ba. Abin da mutum bai sani ba, ba ya nemansa, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Ba kowane mai ciwon ciki ba ne zai sami amsa irin ta Malam, kuma littafin rubutu ba ya maye gurbin asibiti. Cikin da ya ƙage ya yi tauri, da aman jini, da baƙin bayan gida, da zazzaɓi mai zafi, da sarƙewar numfashi, duk waɗannan ba a jiran safiya da su. Amma haƙurin majinyaci ba shi ne yin shiru ba. Haƙurin da ya amfani Malam shi ne na rubutawa kullum ko da an gaji, da komawa wurin likita ko da an ji kunya, da ƙin yarda a rufe magana da cewa tsohuwar cuta ce. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, sai dai in bai sa alama ba, da rana magini ba zai ga wurin ba.

Alfa-gal ba shi da magani sai ƙauracewa. Malam ya bar jan nama da romonsa da kitsensa, yana karanta bayan kowane gwangwani kafin ya saya, yana yawo da allurar gaggawa a aljihu saboda ranar da numfashi zai sarƙe. In zai shiga daji sai ya cusa ƙafar wando cikin safa, ya sa tufafin da aka fesa wa maganin ƙwari, in ya dawo ya duba jikinsa sarai, in ya ga kaska ya cire ta da hantsaki. An gaya masa cewa in ya tsira daga sabon cizo, abin yana iya raguwa da shekaru. Gajiyar Lyme kuwa tana nan, wata rana ta sassauta, wata rana ta matsa, ita kam littafin bai kore ta ba.

Da Babbar Sallah ta zagayo cikin Agusta 2019, Malam ya yi layyarsa, ya tsaya aka raba nama, na maƙwabta dabam, na mabukata dabam, na gida dabam. Ƙamshin soye ya cika gida. 'Yarsa ƙarama ta ɗauko tsoka ta miƙa masa, uwarta ta riƙe mata hannu, ta tura masa kwanon kaza gabansa. Yarinya ta ce, "Baba, ba ka jin haushi?" Ya ce yana ji mana, wa zai ce ba ya ji. Ya ci kazarsa, ya yi sallar lisha, ya kwanta. Bai farka ba sai asuba.