Abin da wayata ta yi mini a Maraɗi

Ni ɗan Kadawa ne. Na tashi a tsakiyar gonakin shinkafa da tumatir da ruwan Tiga ke shayarwa, kuma har na shiga aji biyu a Jami'ar Bayero ban taɓa wuce Zariya ba. A hutun bara ne Kawu ya ce in raka shi Maraɗi bikin 'yar gwaggona. Murna ta hana ni barci, sai abokin ɗakina da ya taɓa zuwa Nijar ya ce, "Kai, shirya wayarka tun kana gida, ba sai ka tsallaka ba."

Na bi shawararsa. Na buɗe Google Maps na sauke taswirar garin Maraɗi, na sa alama a gidan Gwaggo da ta turo mini ta WhatsApp. A Google Translate na sauke Faransanci. Na sa manhajar XE don lissafin Naira da Sefa, na ɗauki hoton takarduna, na kuma ajiye lambobin 'yan'uwa da +227 a farkonsu.

Muka bi ta Katsina zuwa Jibiya. Muna wuce Ɗan Isa layina ya ɗauke ɗif. Ba kira, ba data.

Washegari Kawu ya ja ni babbar kasuwa sayen kayan biki. Na tsaya kallon wasu takalma, ina ɗaga kai babu shi. Na zaga har sau uku. Gabana ya faɗi, don ko sunan layin gidan ban riƙe ba. Nan na tuna da taswirar. Na buɗe, sai ga ɗigon nan mai shuɗi yana nuna inda nake tsaye, domin shi da tauraron ɗan'adam yake aiki, ba ruwansa da data. Na nuna wa wani mai kabu-kabu, wato ɗan acaɓa, ya duba ya ce, "Ai unguwar Zariya ce." Ashe su ma suna da tasu Zariyar.

Da muka isa na tambaye shi kuɗinsa, ya ce ɗari. Na miƙa masa Sefa 100. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Malam, daga Najeriya kake ko?" Shi ne ya koya mini abin da XE ba ta sani ba: a can da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya Sefa 5 ce. Saboda haka ɗari tana nufin Sefa 500, jaka kuma 1,000. Da a kasuwa na yi wannan kuskuren, da na ƙulla cinikin da aljihuna ba zai ɗauka ba.

Google Translate ta yi rana lokacin da Kawu ya sayi maganin mura. Na ɗora kyamara a kan kwalin, rubutun Faransancin ya koma Turanci, muka ga yadda ake sha. Amma cewa lakwal makaranta ce, likita kuma asibiti, wannan daga bakin yaran gidan na ji.

Ƙannena, wataƙila wani a cikinku zai je karatu Misira, ko Umara, ko ziyarar dangi kamar ni. Ku sauke taswira da harshen ƙasar tun kuna da data. Ku tafi da abin cajin tafi-da-gidanka. Ku rubuta lamba ɗaya da adireshi a takarda ku sa a aljihu, domin batirina saura kashi 9 ya rage lokacin da na isa ƙofar Gwaggo. Sannan ku buɗe baki ku yi tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Kawu kuwa sai bayan la'asar ya dawo, hankalinsa a tashe, ya tarar da ni ina shan fura. Har yau yana ba mutane labarin a bakin gona.