Kamara ta ƙwararru, harshe na aro

Ina cikin masu ganin duk ƙungiyar da ke son bidiyon horo ta kira kamfanin ƙwararru, ta biya. Na ga bidiyon da aka ɗauka da wayar ɗan wan shugaba: iska na kaɗa murya, rana na bayan mai magana, hoto na rawa. Ƙwararre ya san inda zai maƙala makirfo, ya san haɗa hotuna, ya san rage nauyin fim har ya bi ta WhatsApp ko ya shiga ƙaramin katin waya a ƙauyen da rezo ke zuwa yana ɗaukewa. Wannan sana'a ce, kuma ta ci kuɗinta.

Abin da ke damuna shi ne a lissafin kuɗin aikin za ka ga kamara, mota, fitilu da abincin ma'aikata, amma harshe sai can ƙarshe, layi guda: fassara.

A hutun damina wata ƙungiyar manoma ta yankinmu na Maradi ta kira ni in duba bidiyon da wani kamfani ya yi mata kan adana wake a buhun PICS, wanda ke da leda biyu ciki da buhu na waje, a ɗaure kowane daban don ƙwari su rasa iska su mutu. Hoton ba laifi ko kaɗan. Sai dai an rubuta maganar da Faransanci, aka juya ta Hausa kalma bayan kalma. Inda takarda ta ce 100 F, mai murya ya ce “ɗari”. Mu kuwa da dala muke lissafi, dala guda sefa 5 ce. Ɗari a kasuwa 500 F ke nan, 100 F kuma dala ashirin. Kun ga kalma guda ta ninka farashi sau 5. An kuma yi ta maganar kilo ga mutanen da ke awo da tiya.

Akwai wani ramin da muka koya a aji. Rubutun boko bai nuna karin sauti ko tsawon wasali. “Gari” na zama daban, “gari” na tuwo daban, amma a takarda ɗaya ne. In mai karantawa bai fahimci jimlar ba, kunnen manomi zai kama shi nan take. Rubutun ƙasan hoto ba zai gyara komai ba ga wadda ba ta yi lakkwal ba. Sannan wace Hausa? Ta Kano da muke ji a finafinai, ko ta Gobir, ta Adar, ta Damagaram? Duk ana fahimtar juna, amma mutum ya fi yarda da shawarar mai magana irin tasa.

Da za a tambaye ni, abu uku zan sa cikin yarjejeniya. A fara rubuta maganar da Hausa, Faransancin ya biyo baya don masu ba da kuɗi. A zaɓi murya daga yankin masu kallo. Kafin a biya rabin kuɗi na ƙarshe, a nuna wa mutum goma na ƙauyen, mata da maza, a ce su maimaita abin da suka ji.

A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Ƴan uwa ɗalibai, wannan matsayi ba zai shiga bidiyo da kansa ba. Kamfanonin na da masu kamara, ba su da mu. Mu je mu nemi aikin, mu faɗi farashinmu, kada mu yarda a ce mana “ai Hausa ce, kowa ya iya”.