A Bar Kurma Ya Taya Da Kansa



Yau ba sanarwar taro na zo da ita ba, ba kuma tunin kuɗin wata ba, don haka kowa ya kwantar da hankalinsa. Wani abu na gani a kasuwar Azare da ya tsaya mini a rai, na ce bari in rubuta shi tun bai bi ruwa ba.

Ana saura kamar kwana ashirin ƙaramar Sallah na raka ƙanina sayen kayan ɗinki. Waɗanda suka san gidanmu a Udubo sun san shi, tela ne, kuma kurma ne. Yadda muka saba, idan mun shiga shago ni ne baki. Shi zai taɓa yadi, ya murza, ya ɗaga ya duba ta haske, ni kuma in tambayi kuɗi, in taya, a sallama mini, sannan in juyo in nuna masa da yatsu abin da zai biya. Shekara da shekaru haka muke yi, ban taɓa ganin aibun abin ba. Hasali ma ɗauka nake lada nake kwasa.

Ranar sai muka faɗa wani shago da ba mu saba shiga ba. Yaron shagon bai wuce shekara ashirin ba. Da ya ga muna magana da hannu, kuma ya lura ƙanina ne ke zaɓen kaya, sai ya ce mini, "Malam, kai ne mai sayen ko shi?" Na ce shi ne. Ya ce, "To bari mu yi da shi." Ya ɗauko kalkuleta, ya buga kuɗin yadi ɗaya, ya juya ta ya miƙa masa.

Ƙanina ya kalli lambar, ya kalle ni, ya sake kallon yaron. Sai ya goge ya buga tasa. Yaron ya dafe kai da hannu biyu yana girgizawa, wato albarka. Ya rage kaɗan ya miƙo. Ƙanina ya jawo bakin yadin ya nuna masa saƙar, ya taɓe baki, alamar ba irin na asali ba ne. Yaron ya yi dariya, don ya san an kama shi. Sau huɗu kalkuleta tana kai da komo a tsakaninsu. A na ƙarshe ƙanina ya ajiye yadin ya juya kamar zai fita, sai ga yaron ya riƙo masa hannun riga. Aka daidaita, har da gyaran zare ƙwaya biyu. Ni ina tsaye gefe kamar ɗan rakiyar amarya. Kuma in faɗi gaskiya, kuɗin da ya saya ni ba zan samu haka ba, domin shi ya san yadi, ni kuwa launi kawai nake gani.

A cikin mota muna dawowa bai bar ni na huta ba. Sai ya taɓo ni ya sake kwaikwayon yadda yaron ya dafe kai, ya yi ta dariya har fasinjoji suna waiwaye. A nan jikina ya yi sanyi. Mutum ya haura shekara 35, da matarsa da 'ya'yansa, da keken ɗinkinsa da yaran da yake koya wa, amma wannan ne karo na farko da na ga ya yi ciniki da kansa a gabana. Kuma ba wani ya hana shi ba, ni ne, yayansa.

Ba da kurumta aka haife shi ba. Sanƙarau ne na shekarar 1996, wanda manyanmu ba za su manta ba. A wannan shekara sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, mafi yawa a nan Arewa, fiye da 11,000 suka rasu. Yana ɗan shekara bakwai lokacin. Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma ciwon ya tafi da jinsa, domin sanƙarau yakan lalata can cikin kunne inda ba a iya gyarawa. Na tuna ranar da muka gane. Mahaifiyarmu ta kira shi daga bayansa sau uku bai waiwayo ba, ta saki kwanon da ke hannunta ya faɗi ƙasa, bai ko motsa ba. Da yake ya iya magana kafin ciwon, har yau yana furta wasu kalmomi, sai dai muryar tana fita da ƙarfi ko a karkace saboda ba ya jin kansa. Duk da haka "bebe" mutane ke ce masa. Ya daina damuwa da wannan tuntuni.

Abin da bai daina damuwa da shi ba guda ne. Wata rana ya shiga wani shagon kayan masarufi shi kaɗai, da kuɗinsa a aljihu, zai sayi sukari da madara na sunan ɗansa. Ya ɗaga hannu zai nuna abin da yake so, mai shagon bai ko dube shi da kyau ba, ya zaro naira hamsin ya miƙa masa, ya yi masa alamar ya ƙara gaba. Ya dawo gida idonsa jawur. Ya ajiye mini hamsin ɗin a gabana, ya zaro damin kuɗinsa ya ajiye kusa da ita. Ban da amsar da zan ba shi. Na san mai shagon alheri ya yi nufi, kuma a ransa sadaka ya bayar. Amma shekara ta fi biyar ke nan, ƙanina bai sake taka ƙofar shagon nan ba, kuma ya hana matarsa aike can.

Shi ya sa nake ganin mun ɗan karkace wurin fahimtar taimakon kurma. Tunaninmu yakan tafi ga kyauta, ko ragi, ko "bar shi kawai, kar ka biya". Waɗanda ƙanina yake yabo kuwa, babu ko ɗaya da ya taɓa ba shi kyautar sisi. Akwai mai shayinsa, wanda idan zai tambaye shi ƙari ba ya ɗaga murya, sai ya ƙwanƙwasa tebur da cokali yadda motsin zai kai hannunsa, ya ɗaga gwangwanin madara ya ɗage gira. Akwai mai nama da yake ɗora tsoka ya tsaya ya dube shi, sai ya gyaɗa kai sannan ya yanka. Akwai wani ɗan kamasho a tasha da yake rubuta masa kuɗin mota a tafin hannu da biro, kuma idan mota ta cika za ta tashi yakan je har inda yake zaune ya taɓa kafaɗarsa, don ya san kiran "Azare ɗaya" ba ya isa gare shi.

Lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan canjin fasalin naira, kowa ya ji a jikinsa, amma kurame sun sha ninki biyu. Layi a wurin masu POS, hayaniya, caji yana canzawa safe da yamma, kuma duk da baki ake sanarwa. Ƙanina ya taɓa cire kuɗi a wani wuri, sai da alat ya shigo ya ga abin da aka yanke masa, don babu wanda ya gaya masa kafin ya sa kati. Daga baya ya samu wani mai POS da ya riƙe har yau. Shi wannan, kafin ya karɓi kati sai ya rubuta adadin da cajin a takarda ya nuna masa. Idan an zo sa lambar sirri ya miƙa masa na'urar ya kawar da kai. In an gama ya juyo masa fuskar na'urar ya gani da idonsa, ya ba shi rasit, ya ƙirga kuɗin a fili ɗaya bayan ɗaya. Akwai ranar da aka cire kuɗi a asusunsa amma ba su fito ba. Mu masu ji sai mu ɗauki waya mu kira banki. Kurma fa? Mai POS ɗin ya rubuta masa kwanan wata da adadi da lambar cinikin a bayan rasit, ya kwantar da kumatu a tafin hannu sau ɗaya, wato ya kwana ɗaya ya gani, in ba su dawo ba ya zo su tafi tare. Kuɗin sun dawo washegari. Duk wannan bai ci minti biyu ba.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne wurin magani, don a can kuskure ba asarar naira ba ce. Mai kemis ya saba faɗin "biyu da safe, biyu da dare, bayan an ci abinci" yana juya baya yana neman canji. Kurma ya karɓa ya tafi da zato. Akwai wata mai ba da magani da ta burge ni. A jikin ledar ta zana rana tana fitowa, ta ja layi biyu a ƙasa, ta zana jinjirin wata, ta ja layi biyu. Ta kai hannu baki alamar cin abinci, sannan ta nuna ƙwayar. Ba ta tsaya nan ba, sai ta sa shi ya maimaita mata da hannunsa, ta tabbatar ya gane. A wani asibiti kuma ya taɓa zama tun safe har bayan la'asar da ɗansa mai zazzaɓi a cinya, ashe an kira sunansa tun kafin azahar an wuce. Wata mai shara ce ta lura mutumin nan ya daɗe, ta karɓi katinsa ta shiga da shi ciki. A shekarar korona ma da kowa ya rufe baki da takunkumi, ɗan abin da yake tsinta daga motsin leɓe shi ma ya tafi.

Doka tana nan. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce a fara duba su a duk inda ake layi, ta kuma ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar sadarwa ga wanda ba ya iya ji ko magana. To amma gurgu ana ganin kekensa, makaho ana ganin sandarsa. Kurma yana tsaye a layi da kaftani da hula kamar kowa, sai wanda ya ɗaga kai ya lura.

Wani zai ce ai mu ba mu iya yaren kurame ba. Ni ma ban je makarantarsa ba. Gaskiya ne akwai na makaranta, wanda ya samo asali daga na Amurka, ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Irinsa ake koyarwa a makarantu kamar ta Tudun Maliki a Kano. Amma ƙasar Hausa tana da nata tun kafin wannan, shi ne maganar hannu, ko maganar bebaye. A Kano har sarautar Sarkin Bebaye akwai. Wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarinsa, ta fitar da littafi a kansa a shekarar 2000. Kuma rabinsa ma duk mun sani ba tare da mun lura ba. Wa bai san alamar kuɗi ba, ko ta abinci, ko ta "babu", ko ta "gobe"? Haka muke yi da direba ta gilashin mota kullum. Abu ɗaya dai da ba ya aiki shi ne ihu. Ka daka wa kurma tsawa a kunne, shi bai ji ba, kasuwa duka ta ji, ka tara masa 'yan kallo.

Kafin wani ya ce sakatare ya zo yi mana wa'azi, bari in tona kaina. A wani rabon kaya da muka yi wa mambobi, ni ne mai kiran suna. Na kira wani bawan Allah sau uku, shiru, na sa masa alamar bai zo ba na wuce. Ashe yana zaune a layin baya tun farkon taro, kurma ne shi ma, yana jiran ya ga an yafuto shi. Sai da aka watse ya zo ya tsaya a gaban teburina da katinsa a hannu. Ni da na tashi gida ɗaya da kurma. Allah Ya sa akwai ragowa, amma kunyar ranar ba ta sake ni ba. Tun daga nan, duk wanda na san ba ya ji nakan sa alama a gefen sunansa a rajista, in an zo kansa in tashi in je inda yake. Abin da aka tattauna kuma nakan rubuta shi a taƙaice in tura wa masu iya karatu a cikinsu ta WhatsApp.

Bayan mun dawo daga Azare da kwana biyu na kai wa ƙanina shaddata ta Sallah. Da can ba ma maganar kuɗi, in ya gama in ba shi abin da ya sawwaƙa. Wannan karon ya auna ni, ya rubuta awon a littafinsa, sai ya zaro waya ya buɗe kalkuleta ya buga kuɗin ɗinki da na aikin wuya, ya juyo mini. Na zaro ido. Na goge na buga rabi. Ya dafe kai da hannu biyu ya girgiza, ya ninke shaddar ya tura mini ita gabana. Sai da na ƙara sau biyu sannan ya karɓa, kuma ya ce in ba da rabin kuɗin kafin ya sa almakashi.